Waiwaye Adon Tafiya: Tuna Taimakon Ubangiji a Kwanakin Tsanani

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda idan aka jera su sai a ga kamar suna gardama da juna. Na fari ya ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na biyu kuwa ya ce waiwaye adon tafiya. Ɗaya yana ɗaukar duban baya alamar mutumin da yau ta yi masa ɗaci, ɗayan yana ganin tafiyar da babu waiwaye a cikinta ta rasa wani abu. Ga iyalin masu bi da ke cikin matsi, sanin wanne ne ya fi kusa da gaskiya ba ƙaramin al'amari ba ne.

Shekarun nan ba su zo da sauƙi ba. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da farashin abinci suka yi tashin gwauron zabi, har mudun shinkafa ya fi ƙarfin gidaje da yawa. A sassan Filato, Binuwai da kudancin Kaduna akwai manoman da hare-hare suka raba su da gonakinsu. A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A irin wannan hali, idan fasto ya tsaya a gaban jama'a yana gargaɗi a tuna da alherin Ubangiji na dā, ba mamaki maigidan da aka koro 'ya'yansa daga makaranta saboda kuɗi ya ce a ransa, tuwon jiya ba ya ƙosar da cikin yau. Maganarsa tana da nauyi, ta kuwa cancanci amsa. Mene ne tuna taimakon da ya wuce yake ba mutum, ina ne kuma iyakarsa?

Tuni iri biyu

Littafi Mai Tsarki ya san irin tunin da karin magana na fari yake nufi. A Littafin Ƙidaya sura 11 Isra'ilawa suna cikin jeji, manna tana sauko musu, amma suka zauna a ƙofofin alfarwansu suna kuka domin kifi da kankana da albasa da tafarnuwa na Masar. Sun tuna da abin da ke cikin tukunya, suka manta da bulalar shugabannin aikin gandu, da tubalin da aka tilasta musu yi, da 'ya'yansu maza da Fir'auna ya umarta a jefa cikin Kogin Nilu. Irin wannan tuni yakan zaɓi abin da yake so, ya shafe sauran, sa'an nan ya ɗauki hoton ƙaryar da ya zana ya auna yau da shi. Ƙarshensa gunaguni ne. Domin haka ne Mai Hadishi 7:10 bai ga hikima a cikin yawan yabon zamanin dā ba.

Amma akwai wani tuni dabam, wanda ake gani a Zabura 77. Asaf yana cikin damuwar da ta hana shi barci, har ya kai ga tambayar ko jinƙan Allah ya ƙare ke nan. A farkon zaburar shi ma ya tuna da kwanakin dā, tunin kuwa ya ƙara masa nauyin zuciya. Daga tsakiyarta sai ya juya hankalinsa ga ayyukan Ubangiji, ya dinga bin labarin ƙetare teku a ƙarƙashin jagorancin Musa da Haruna. Babu inda zaburar ta nuna cewa matsalarsa ta kau kafin ya ajiye alƙalami. Abin da ya sāke shi ne inda idonsa yake duba.

A nan bambancin yake. Masu kuka a jeji sun tuna da kyauta, Asaf ya tuna da Mai bayarwa. Kyauta tana ƙarewa, wanda ya kafa zuciyarsa a kanta kuwa dole ya ji ɗacin bana. Mai bayarwa yana nan yadda yake, domin haka tuna shi yana da amfani a yau kamar yadda yake da shi a bara.

Akwati da dutse

Akwai wani haɗari kuma, wanda ya fi kama masu ibada. A 1 Sama'ila sura 4 Isra'ilawa sun kafa sansani a wani wuri da ake kira Ebenezer, Filistiyawa suka kashe musu mutum wajen 4,000. Dattawan Isra'ila suka tuna cewa a zamanin kakanninsu Akwatin Alkawari ya shiga gaba, Kogin Urdun ya tsaya, garun Yariko kuma ya fāɗi. Sai suka aika Shilo aka ɗauko akwatin, Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, suna biye da shi. Tarihin da suka tuna gaskiya ne. Kuskurensu shi ne sun mai da tarihin laya, suna tsammani idan an maimaita abin da aka yi a dā, dole Allah ya maimaita nasara, ko da ba a tuba daga muguntar da ake yi a gidansa ba. A ranar mutum 30,000 suka fāɗi, aka ƙwace akwatin, 'ya'yan Eli biyu suka mutu, tsoho Eli ma da ya ji labari ya fāɗi daga kujerarsa ya rasu.

Shekara 20 suka wuce. A sura 7 Sama'ila ya tara jama'a a Mizfa, suka kawar da gumakansu, suka yi azumi, suka hurta zunubinsu. Filistiyawa suka sāke tasowa, amma a wannan karo Ubangiji ya rikita su da tsawa. Sama'ila ya ɗauki dutse ya kafa tsakanin Mizfa da Shen, ya raɗa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako, domin shaida cewa taimakon Ubangiji ne ya kawo su har wannan rana.

Abin lura shi ne sunan da Sama'ila ya zaɓa. Suna ne da kowane Ba'isra'ile ya sani da ranar kunya. Gwauruwar da mijinta ya fāɗi a yaƙin fari ba za ta ji kalmar Ebenezer ba tare da ta tuna da shi ba. Sama'ila bai nemi a shafe wannan rana daga tarihi ba. Ya haɗa shan kashi da nasara a ƙarƙashin suna ɗaya, yana koya wa jama'a cewa hannun da ya taimake su a Mizfa bai rabu da su ba cikin shekaru 20 na duhu. Shaidar dutsen kuma ta tsaya a kan abin da ya riga ya faru. Ba ta zana yadda gobe za ta kasance ba.

Waɗanda ba a kuɓutar ba

A nan ne tambaya mafi wuya take tasowa. Idan taimakon jiya tabbaci ne na ceton gobe, me za a ce game da waɗanda suka yi addu'a ba a kuɓutar da su ba? Ayyukan Manzanni sura 12 ta ba da labarin manzanni biyu a hannun sarki ɗaya. Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Ibraniyawa sura 11 ta lissafta waɗanda suka tsere wa kaifin takobi ta wurin bangaskiya, nan take kuma ta lissafta waɗanda takobi ya ci, dukansu a jeri ɗaya na masu bangaskiya.

Tarihin bishara a Nijeriya ma haka yake. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kai bishara cikin ƙasar da ake kira Sudan a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sāke gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sāke mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, daga wannan aiki ne kuma ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Wanda ya duba a ƙarshen 1894 kaburbura biyu kaɗai zai gani.

A arewa maso gabas, Stover Kulp da Albert Helser sun yi sujadar farko a ƙarƙashin wata tsamiya a Garkida a ranar 17 ga Maris 1923. A 1924 matar Kulp, Ruth, ta rasu. Ikkilisiyar EYN da ta tsiro daga wannan tushe ita ce ta sha mafi zafin rikicin Boko Haram. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilu 2014 'ya'yan iyalanta ne, a Oktoba na wannan shekara kuma aka mamaye hedkwatarta a Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. A Maris 2023 ikkilisiyar ta yi bikin cika shekara 100 da waƙoƙin godiya. Duk da haka, fiye da shekara goma bayan sacewar, akwai iyayen da 'ya'yansu ba su dawo ba. Godiyar gaskiya ce, hawayen ma gaskiya ne, babu kuwa wanda ya isa ya soke ɗaya domin ɗayan.

Saboda haka tuna taimakon dā ba lissafi ba ne irin na mai cewa tun da damina ta yi kyau bara, lalle za ta yi kyau bana. Manoman da suka ga farin 1973 sun san cewa wannan lissafi yana iya karyewa. Abin da tuni yake kafawa shi ne sanin hali. Ɗan kasuwar da ya yi shekara 30 yana hulɗa da abokin ciniki mai amana ba ya iya faɗin ranar da kaya za su iso, amma idan suka yi jinkiri ba ya zargin abokinsa da cuta, gama ya san mutumin. Haka Shadrak, Meshak da Abed-nego suka tsaya a gaban Nebukadnezzar a Daniyel sura 3. Sun tabbata Allahnsu yana da ikon ceto, suka kuma sanar da sarki cewa ko da ceton bai zo ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Manzo Bulus ma, a 2 Korantiyawa 1:8-10, ya ba da labarin wahalar da ta same shi a Asiya har ya fid da zuciya ga rai, ya nuna cewa abin da ya koya a ciki shi ne dogara ga Allah mai ta da matattu. Begensa ya wuce kabari, shi ya sa kurkukun Roma bai rushe shi ba.

Mai bi da ya duba rayuwarsa bai ga wata babbar kuɓuta da zai riƙe ba, bai rasa dutsen tunawa ba. Taimako mafi girma an riga an yi shi a kan gicciye, kabarin da babu kowa a ciki kuma ya hatimce shi. Hujjar Bulus a Romawa 8:32 ke nan: wanda ya ba da Ɗansa ya riga ya ba da abin da ya fi kome tsada, babu dalilin zarginsa da rowa a kan sauran. Yesu Almasihu ya kafa Jibin Ubangiji domin tunawa da shi a daren da aka bashe shi, ba a ranar da taro ke yi masa kirari ba. Tun daga tushe, tunin Kirista abinci ne na daren wahala.

Duwatsun cikin gida

Mantuwa ba ta bukatar ƙoƙari, tuni ne yake bukatar aiki. Shi ya sa Allah bai bar al'amarin ga ƙwaƙwalwar mutum kaɗai ba. Ya sa aka ajiye mudu guda na manna a cikin tulu domin zuriya masu zuwa. A Joshuwa sura 4 ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun aka kafa a Gilgal, dalilin da aka bayar kuwa shi ne domin yara su gani su yi tambaya, iyaye su ba da amsa. Idin Ƙetarewa ma an tsara shi yadda yaro zai tambayi ma'anarsa a cikin gida. Makarantar farko ta tuni ita ce tabarmar iyali.

Labarin Markus 8:14-21 yana nuna yadda ya kamata a yi wannan aiki. Almajirai suna cikin jirgi da gurasa guda ɗaya, hankalinsu ya tashi. Yesu bai ba su dogon wa'azi ba, ya sa su ƙidaya. Gurasa 5 ga mutum 5,000, kwando nawa suka ragu? Suka ce 12. Gurasa 7 ga mutum 4,000 fa? Suka ce 7. Sun san adadin sarai, amma ba su haɗa shi da gurasa ɗayan da ke gabansu ba. Dawuda kuwa ya iya wannan haɗi. Da Saul ya yi shakkar ƙuruciyarsa, sai ya kawo labarin zaki da beyar da ya gamu da su a wurin kiwo, daga nan ya fuskanci Goliyat.

Darasin ga iyaye shi ne shaida ta zama mai suna da rana da adadi. Yaron da aka gaya masa cewa Allah nagari ne zai amsa da amin, ya wuce. Amma idan aka gaya masa cewa a shekara kaza, ana saura kwana biyu a rufe biyan kuɗin jarrabawar yayarsa, wata mata daga Zumuntar Mata ta kawo abin da ya cike gibin, wannan zai zauna a zuciyarsa har ya tsufa. Kakanni da suka ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da tsadar da ta biyo bayan shirin SAP na 1986, da iyayen da suka ratsa kullen korona a 2020, suna ɗauke da dukiyar da bai kamata ta bi su kabari ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Sujadar iyali da yamma, bikin godiyar kaka, da fararen shafuffukan da ke bayan Littafi Mai Tsarki na gida, duka wurare ne na kafa duwatsu.

Sharaɗi biyu ne kawai. Na ɗaya, kada a ƙara gishiri. Shaidar da aka kumbura tana rushewa ranar da yaro ya gano gaskiya, takan kuma tafi da wani ɓangare na bangaskiyarsa. A faɗi shekarar da aka yi asarar gona da jaririn da aka binne, kamar yadda Sama'ila bai ɓoye Ebenezer na fari ba. Na biyu, kada a mai da shaida sandar dukan mai makoki. Marubucin Makoki sura 3 ya fara zayyana ɗacinsa har ayoyi 20 kafin ya waiwayi madawwamiyar ƙaunar Ubangiji, babu kuma wanda ya katse shi. Wanda ya je gidan rasuwa ya fara da zama da kuka tare da masu kuka, bisa ga Romawa 12:15. Lokacin tunatarwa zai zo.

Bashin da tuni yake ɗorawa

Tuna taimakon Ubangiji ba ya ƙarewa a kan ta'aziyyar mai tunawa. A Maimaitawar Shari'a 24:17-22 an umarci Isra'ilawa su bar kalar gona da ragowar zaitun da na inabi domin baƙo da maraya da gwauruwa, dalilin da aka maimaita kuwa shi ne su ma sun taɓa zama bayi a Masar. Wanda ya tuna ranar da rumbunsa ya zama wayam, maƙwabci ya aiko da kwanon dawa, ba zai iya rufe ƙofa ga ɗan gudun hijirar da ya tsaya a zaurensa ba. Idan tuni bai buɗe hannu ba, bai kai zuciya ba tukuna.

Wannan yana da muhimmanci domin kwanakin tsanani suna tara wani tuni na uku, wato ƙullaci. Iyalin da aka ƙone wa gida ba sa bukatar a koya musu tuna wanda ya yi musu mugunta. Abin da yake saurin ɓacewa shi ne sunan wanda ya taimaka. A Yuni 2018, sa'ad da aka kai hari a ƙauyukan Barkin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Allah da ya yi amfani da Sairus, sarkin Farisa, ya komo da mutanensa daga bauta, yana aiko taimako ta hannun da ya ga dama. Yaran da aka ba su labarin harin kaɗai za su gāji tsoro da ƙiyayya. Waɗanda aka ba su labarin duka za su gāji gaskiya, su kuma san cewa ko a ranar wuta Ubangiji bai rasa ma'aikaci ba.

To, ga maigidan da ya ce tuwon jiya ba ya ƙosar da cikin yau, amsar ita ce ya faɗi gaskiya. Tuni ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya kuma sauke farashin masara. Har yanzu sai an fita nema, an yi shawara da dattawan ikkilisiya, an roƙi Allah abincin yini. Abin da tuni yake yi shi ne ya hana wahala ta yi wa mutum ƙarya. Wahala takan ce an yashe shi, ba a taɓa kula da shi ba, ba kuwa za a kula ba. Duwatsun da ke bayansa suna ƙaryata wannan, gicciye kuma yana tsaye a kan gaba. Mutumin da ya san wanda ya riƙe shi jiya yana iya tashi da safe ya ɗauki fartanyarsa, ko da bai ga hadari a gabas ba tukuna.

Ubangiji ya ba iyalan masu bi zuciya mai tunawa da harshe mai faɗin gaskiya, domin 'ya'ya da jikoki su sa begensu ga Allah. Amin.